Filin Makanikai: Tuƙi da Matacciyar Shokazoba da Yadda Ake Canza Ta

Wasiƙun da suka fi yawa a wannan karon a kan ƙafar mota suke, don haka muka ware na shokazoba muka haɗa su wuri guda. Mun taƙaita wasu saboda ƙarancin fili.

Tambaya: Assalamu alaikum. Motata ƙarama ce. Kwanan nan in na faɗa rami sai bayanta ya yi ta lilo sau uku ko huɗu kafin ya tsaya. Na leƙa na ga shokazobar baya ta dama jiƙe da mai. Ba ni da halin gyara sai ƙarshen wata. Zan iya ci gaba da hawa?
*Daga wani ma'aikaci*

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Motar za ta tafi, amma ba motar da hannunka ya saba da ita ba ce, don haka dole tuƙinka ya canza daga yau.

Mutane da yawa sun ɗauka shokazoba ce ke ɗauke da nauyin mota. Ba ita ba ce, sifirin ne. Shi kuwa sifirin in aka danne shi aka saki, tsalle zai yi ta yi har ƙarfinsa ya ƙare. Shokazoba ita ce linzaminsa. Cikinta bututu ne cike da mai, da fistin mai ƙananan ƙofofi. Duk lokacin da taya ta yi sama ko ƙasa sai fistin ya tura man ta waɗannan ƙofofi, man ya turje, ƙarfin tsallen ya koma zafi ya bi iska. Shi ya sa lafiyayyar shokazoba take yin ɗumi bayan tafiya a kan gargada. Taka da man ya tsiyaye, fistinta ba shi da abin da zai turje masa.

Lilon da kake ji a kujera shi ne ƙaramin abu. Babban abin yana ƙasa. Wurin da kowace taya ke taɓa titi bai fi tafin hannu ba sosai, kuma ta nan birki da sitiyari suke aiki. Tayar da ke tsalle tana kama ƙasa tana saki, kuma a lokacin da ta saki, birkinta da babu duk ɗaya. Ga mota mai ABS, wato na'urar da ke hana taya kafewa in an taka birki, abin ya fi fitowa fili: na'urar tana ganin tayar za ta kafe sai ta sassauta birkin, tazarar tsayawa ta ƙaru.

Kafin ƙarshen watan, rage gudu shi ne maganin farko, kuma akwai lissafi a ciki. Ƙarfin da birki zai kashe yana ƙaruwa ne ninkin-ba-ninkin: in gudu ya ninka biyu, ƙarfin ya ninka huɗu. In ka sauko daga kilomita 100 a awa zuwa 70, ka rage kusan rabin aikin da tayoyin za su yi kafin su tsaida kai. Ka bar tazarar daƙiƙa huɗu tsakaninka da na gabanka, maimakon biyu da aka saba koyarwa. Ka gama taka birki kafin ka shiga kwana, kada ka taka a tsakiyarta, musamman tunda ta baya ce ta mutu: kwana mai gargada ita ce inda bayan mota ke zamewa ya nemi wuce gaba. Kauce wa rami da fizgar sitiyari ya fi faɗawa ramin haɗari. Gara ka rage gudu tun daga nesa, ka saki birki daidai bakin ramin, ka wuce a hankali. Ka sauke kayan da ba dole ba daga but, kada ka cika motar da mutane, ka sa iskar taya daidai da abin da aka rubuta a jikin ƙofar direba ko a littafin motar. In ana ruwa, ko ka ƙara rage gudu ko ka haƙura da tafiyar, domin tayar da ba ta danne ƙasa da kyau ita ce ke fara hawa kan ruwa. Doguwar tafiya a babban titi kuwa, ka ɗage ta.

Akwai halin da ba a tuƙi ko kaɗan, sai dai a ja motar: in shokazobar ta ɓalle daga mazauninta tana dukan jiki, in sandarta ta lanƙwashe, in sifirin ya karye ko motar ta karkata gefe guda, in taya tana gugar bodi, ko in man ya kai ga faifan birki. Ka duƙa ka duba waɗannan da fitila kafin ka sake tayar da ita.

Tambaya: Makaniki ya ce shokazobata ta gaba ta mutu, ni kuma ban ga mai yana zuba ba, motar ma ba ta ƙara. Ta yaya zan tabbatar da kaina?
*Daga wata malamar makaranta*

Amsa: Malama, shokazoba tana mutuwa ba tare da ta zubar da ko ɗigo ba, in ƙofofin cikinta sun gaji. Kuma tana mutuwa ne sannu a hankali, har direba ya saba da lalacewar bai sani ba. Wanda ya karɓi motar yau ya fi mai ita saurin ganewa.

Ki ajiye motar a wuri mai daidai, ki danna kusurwar da ake zargi da dukkan nauyinki sau biyu ko uku, ki saki. Lafiyayya za ta taso ta ɗan koma ta tsaya. In ta yi lilo sau biyu ko fiye, ta gaji. Sai dai wannan gwajin wadda ta mutu murus yake kamawa. Mota mai taurin sifirin tana iya cinye shi alhali shokazobarta ta raunana. Saboda haka ki haɗa da sauran alamu: gaban motar yana yin goho in an taka birki, tana kwanciya da yawa a kwana, tana yawo in babbar mota ta wuce ta, hasken fitila yana rawa sama da ƙasa da dare. Ki shafa hannu a kan tayar ki zagaya. In kin ji tudu da kwari a jere kamar an yi ta yankar ta da cokali, tayar ta daɗe tana tsalle.

Game da mai, ɗan damshi mai kama ƙura a saman bututun ba laifi ba ne, sandar ce ke fitowa da ɗan maiƙo. Wanda ya jiƙe har yana gangarowa ƙasa shi ne ciwo. Masu ƙera shokazoba da yawa suna ba da shawarar a fara duba ta sosai daga kilomita 80,000, amma hanyar da mota ke bi da lodin da take ɗauka su ne ke yanke hukunci, ba lambar da ke kan mita ba.

Tambaya: Guda ɗaya ce ta lalace. Me zai sa in sayi biyu? Kuma an ce ana iya huda ta a ɗura mata mai ta dawo, ko in sa ta hannu.
*Daga wani direban haya*

Amsa: Biyun da ke layi ɗaya, wato na gaba biyu ko na baya biyu, tare suka yi tafiya, tare suka tsufa. In ka sa sabuwa a dama ka bar gajiyayya a hagu, gefe ɗaya zai riƙe ɗaya ya saki, motar ta riƙa murɗawa a birki da kwana. Ba dole ka canza huɗun ba, amma biyu-biyu ake yi.

Ɗura mai kuwa ba mu goyon bayansa. Man ta sil ɗin da ya mutu ya fita, wato robar da ke hana shi tsiyaya, kuma ta nan sabon zai bi. Sannan yawancin na yanzu akwai iskar naitirojin a matse a ciki, wadda ke hana man yin kumfa in ya yi zafi. Da zarar an huda, iskar ta tafi, kuma hudawar kanta tana iya feso mai da ɓarɓashin ƙarfe a ido. Ta hannu caca ce, domin ba wanda ya san kilomita nawa ta ci. In ta zama dole, ka riƙe ta a tsaye ka danna ka ja: ta turje daidai daga farko har ƙarshe, ba wurin da hannunka zai zurma, sandar kuma ba tsatsa ba ƙarzuwa.

Tambaya: Ina da jak da sifanoni, ina canza birki da man inji da kaina. Shokazobar baya ta motata daban take da sifirin. Ku koya mini yadda zan canza ta.
*Daga wani ɗalibi*

Amsa: Ka dace da mai sauƙin. Irin wannan ƙusa ɗaya ce a ƙasa, noti ko ƙusa ɗaya ko biyu a sama, kuma wanda ya iya canza birki zai iya, cikin awa ɗaya zuwa biyu in tsatsa ba ta hana ba.

Ka fara da sayen daidai. Ka tafi da lambar shasi ko lambar da ke jikin tsohuwar, domin mota iri ɗaya tana zuwa da shokazoba daban gwargwadon shekara da girman inji. Bayan jak da sifanoni kana buƙatar ƙarfen tokare mota guda biyu, weji, alanki, burushin ƙarfe, man feshi mai sassauta tsatsa, da sifanar awon ɗauri in za ka samu ko aro. In da hali ka fesa wa ƙusoshin man tun daren jiya.

Ka ajiye motar a daɓe mai ƙarfi kuma daidai, ka sa ta a giya ɗaya ko P, ka ja birkin hannu, ka sa weji gaba da bayan tayoyin gaba. Wejin ba ado ba ne: a yawancin motoci birkin hannu tayoyin baya yake kamawa, kuma su za ka ɗaga. Ka sassauta notin taya rabin zagaye tun tana ƙasa. Ka ɗaga a wurin da aka tanada don jak, ka zaunar da motar a kan ƙarfen tokarewa, ka girgiza ta da hannu ka tabbata ta zauna. Jak na ɗagawa ne, ba na riƙewa ba. Bulon siminti kuma yana fashewa ba sallama. Tayar da ka cire ka kwantar da ita ƙarƙashin gefen motar, ta zama kariya ta biyu.

Yanzu ka kawo jak ɗin ƙarƙashin ƙarfen da ke riƙe da ƙafar, kusa da inda shokazobar ta ɗaure, ka ɗaga kaɗan har ya ɗauki nauyin. Wannan matakin shi ne wanda sababbin hannu suka fi tsallakewa. A motoci da yawa shokazoba ce ke hana ƙafar faɗuwa ƙasa gaba ɗaya. In ka zare ƙusar ba tallafi, ƙafar za ta rufto, sifirin ya iya fita daga mazauninsa, tiyon birki ya miƙe har ya ji ciwo. Da jak ɗin ne kuma za ka yi wasa sama da ƙasa har ƙusar ta zare da hannu ba sai da guduma ba.

Ka cire ta ƙasa, sannan ka koma sama. Na sama sau da yawa a cikin but yake, bayan shimfiɗar gefe, ko a cikin ramin taya. In notin a kan sandar yake, sandar za ta riƙa juyawa tare da shi. Akwai gurbin alanki ko wuri mai faɗi a kanta na ƙaramar sifana, da shi ake riƙewa. Ka lura da yadda robobi da washa, wato ƙananan zoben ƙarfe, suke jere, ka ɗauki hoto kafin ka wargaza.

Ka jera sabuwa da tsohuwa ka gwada tsawo da kawuna. Ka riƙe sabuwar a tsaye, sanda sama, ka danna ta ka bari ta fito sau uku zuwa biyar, don iskar da ta gauraya da mai a lokacin da take kwance a kwali ta koma inda ya kamata. Abu biyu ke kashe sabuwar shokazoba tun ranar farko: kama sandar mai ƙyalli da filaya, domin ƙarzuwar da ba ka gani da ido ita za ta yanka sil, da ɗaure notin sama da bindigar iska, wadda ke juya sandar da ƙarfi har ta iya kwance fistin a ciki. Ka mayar da robar kare ƙura da robar da ke tare duka in an kai ƙarshe; in sun yage ka sa sababbi.

Ka ɗaura sama, ka zura ƙusar ƙasa, amma kada ka ƙarasa ɗaure ta tukuna. Bushin da ke idon shokazobar roba ce da aka manne da ƙarfe, murɗewa take yi, ba juyawa ba. In ka ɗaure ta tam ƙafar tana rataye, da ka sauke motar robar za ta zauna a murɗe, ta yage cikin 'yan watanni. Ka ɗaga ƙafar da jak har ta kai tsayin da take zama in motar tana ƙasa, ko ka sauke motar a kan tayoyinta, sannan ka yi ɗaurin ƙarshe gwargwadon awon da littafin motar ya faɗa. Notin da ke da robar kulle a ciki sau ɗaya ake amfani da shi. In sabo ya zo a kwalin, shi za ka sa.

Ka gama gefe ɗaya kafin ka taɓa ɗayan, don ka sami abin dubawa in ka rikice. Notin taya a ɗaure shi a giciye, ba a jere ba. A ƙananan motoci yawanci tsakanin 100 da 140 Nm ne a sifanar awon ɗauri, amma littafin motarka ne alƙali. Ka sake bin su bayan kilomita 50 zuwa 100.

Tambaya: Ta gaba fa? Tawa sifirin yana zagaye da ita. Wani abokina ya ce in kwance babban notin da ke tsakiya a ƙarƙashin bonet, komai zai sauko.
*Daga wani mai karatu*

Amsa: Malam, kada ka taɓa wannan notin. Komai zai sauko, gaskiya ne, amma ba yadda kake so ba.

Irin taka ita ake kira MacPherson, da sunan injiniyan Amurka Earle MacPherson da ya tsara ta a shekarun 1940, kuma ita ce a gaban yawancin ƙananan motoci. A nan shokazoba ba linzami kaɗai ba ce, ginshiƙi ce: tana riƙe da sifirin, tana riƙe da tsayuwar taya, tana juyawa tare da sitiyari. Sifirin yana matse tsakanin faranti na ƙasa da mazaunin sama da ƙarfin ɗaruruwan kilo, ko da an ciro ta an ajiye a ƙasa, kuma notin tsakiyar nan shi kaɗai ke riƙe da shi. Wanda ya kwance shi ba tare da ya matse sifirin ba, mazaunin zai tashi kamar an harba shi. Karayar hannu da fashewar fuska ta nan suke zuwa.

Ga yadda ake yi. Ka ɗaga gaban duka biyu ka tokare, domin in ƙafa ɗaya ce a sama, sandar da ke hana mota kwanciya a kwana tana murɗe, ƙaramin linkin da ke haɗa ta da shokazobar ba zai fita da daɗi ba. Ka kwance linkin, ka cire maƙalin tiyon birki da na wayar ABS daga jikin bututun. A ƙasa yawanci ƙusoshi biyu ne manya ke haɗa ta da ƙarfen da hob, wato cibiyar da ake ɗaura taya a kai, yake ciki. Wasu motocin kuma bututun yana zaune a cikin zobe da ƙusa ɗaya ta matse. Kafin ka kwance ka yi alama da fenti, musamman in ɗaya daga ƙusoshin mai kan karkace ce, domin da ita ake saita kwanciyar taya. Ka tallafi hob ɗin da jak, ka ɗaure shi da waya kada ya faɗo waje: in ya faɗo zai ja tiyon birki, kuma a mota mai jan gaba yana iya zaro shaf ɗin da ke juya taya daga gurbinsa, aikin awa biyu ya zama na yini. Daga nan ka kwance ƙananan noti biyu ko uku da ke kewaye da na tsakiyar, ka bar ɗaya a 'yan haƙora har sai hannunka ɗaya ya riƙe shokazobar, sannan ka zaro ta gaba ɗaya da sifirinta.

Daga nan hanya biyu ce. Ga motoci da yawa ana sayar da ita a haɗe, da sifirin da mazauni da komai, ka sa kawai. Ko kuma ka ɗauki wadda ka ciro ka kai wa mai injin matse sifirin ya sauya maka, ka dawo ka ɗaura. Ga wanda bai taɓa yi ba, ɗaya daga cikin biyun nan muke zaɓa masa, kuma ba abin kunya ba ne.

In ka nace sai ka yi da kanka, to da ƙarfen matse sifirin na gaskiya, ba igiya ba, ba waya ba, ba bel ba. Guda biyu ake sawa, suna fuskantar juna, kowanne ya kama zagaye da yawa gwargwadon iko. Ka shafa wa haƙoransu giris, ka ɗaure wannan zagaye biyu ko uku, ka koma wancan, da sifanar hannu. In ɗaya ya wuce ɗaya sifirin zai yi baka, ƙugiyoyin su zame su taru gefe guda. Ka ci gaba har sifirin ya saki faranti yana motsi da hannu. Sai a lokacin ne za ka riƙe sandar da alanki ka kwance notin tsakiya. Duk tsawon aikin kan shokazobar ya kalli gefe, ba ƙirjinka ba, ba wajen mutane ba. Matsattsen sifirin a ajiye shi a hankali, kada a jefar, kada a bar shi ya kwana a haka.

Tunda ka buɗe, ka juya boris ɗin mazaunin sama da hannu. In yana gurzawa ko robar ta tsage, yanzu ne lokacin canza shi, in ba haka ba za ka sake wannan wahalar gaba ɗaya. Wajen haɗawa, ƙarshen sifirin yana da ɗan gurbi a faranti inda yake tokarewa, ka tabbata ya zauna a ciki kafin ka sassauta, kuma sassautawar ma bi da bi ce. Ka duba alamar hagu da dama a jikin sababbin, domin maƙalansu sun bambanta, mazaunin sama ma a wasu motoci yana da kibiyar da ke nuna inda zai fuskanta.

Motar da ke da jakar iska maimakon sifirin, ko shokazoba mai wayar lantarki da kwamfuta ke sarrafawa, ba ta cikin wannan bayanin. Ita sai wanda ke da kayan aikinta.

Tambaya: Na canza na gaba biyu, amma har yanzu ina jin ƙwanƙwasa a kan gargada, kuma motar ta fara ja dama. Jabu aka sayar mini?
*Daga wani mai karatu*

Amsa: Kafin ka zargi mai kaya, ja daman matsalar alaimen ce, wato saitin tsayuwar taya. Duk wanda ya kwance ƙusoshin ƙasa na irin MacPherson ya taɓa tsayuwar taya, ko da ya yi alama, don haka daga gama aiki sai wurin saiti. In ka yi jinkiri gefen tayar zai cinye tun ba ta tsufa ba.

Ƙwanƙwasar kuma, ka fara da abin da hannunka ya taɓa: notin tsakiya da bai kai ƙarshe ba saboda sandar tana juyawa, ƙananan noti na sama, notin linki, ko sifirin da bai zauna a gurbinsa ba. In duk suna daidai, to da ma ƙarar ba ta shokazoba ba ce. Linkin da ya gaji, bushin hannun ƙasa, boljoyin da kan tayarod duk suna yin ƙara iri ɗaya. Ka ɗaga motar ka tokare, ka kama tayar sama da ƙasa ka girgiza, sannan hagu da dama, wani yana kallon inda motsin yake fitowa. In kuma ƙarar tana zuwa ne lokacin da kake juya sitiyari motar tana tsaye, boris ɗin mazaunin sama ne da ba a canza ba.

Tsofaffin da ka ciro, kada a jefa su wuta, kada a yanka su da gas ko a sa musu walda, domin ko wadda ta zubar da mai tana iya riƙe da iska a matse. A miƙa su ga masu karɓar tsohon ƙarfe, a gaya musu masu gas ne.